Katin tabar wiwi ta magani a Amurka: abin da yake halattawa da inda ƙarfinsa ya tsaya

Mara lafiyan da ya shiga shirin amfani da tabar wiwi don magani a wata jiha ta Amurka ba ya fitowa daga wurin likita da takardar magani irin wadda muka saba kai wa kemis. Abin da likitan yake ba shi shaida ce cewa yana fama da ɗaya daga cikin cututtukan da dokar jihar ta lissafa, kuma a ganin likitan wiwi na iya rage masa wahala. Da wannan shaida ma'aikatar lafiya ta jihar take buga masa kati, da katin kuma yake shiga kantunan da aka ba lasisin sayar da ita. Bambancin takardar magani da takardar shaida ya yi kama da wasa da kalmomi, amma a kansa aka dasa tsarin baki ɗaya, kuma yawancin matsalolin da masu katin suke faɗawa ciki daga rashin fahimtarsa suke tasowa.

Asalin abin yana cikin dokar da majalisar tarayyar Amurka ta yi a 1970, wadda ta kasa abubuwan maye aji biyar, ta sanya wiwi a aji na ɗaya tare da hodar heroyin, wato ajin abubuwan da doka ta ce ba su da wani amfani karɓaɓɓe a likitanci. Likitan da ya rubuta abin da ke wannan aji a takardar magani yana iya rasa izinin da gwamnatin tarayya ta ba shi na rubuta magunguna masu ƙarfi, wanda kusan rasa sana'arsa ke nan. Da mutanen Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'a a 1996 suka halatta wiwi ga marasa lafiya, jiha ta farko da ta yi haka, sai gwamnatin tarayya ta yi barazanar hukunta duk likitan da ya ba majiyyacinsa shawarar shanta. Likitoci da majiyyata suka kai ƙara, kuma a 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa maganar da ke tsakanin likita da mara lafiya tana cikin 'yancin faɗin albarkacin baki, don haka likita yana iya ba da shawara, amma ba ya da ikon taimaka wa mutum ya samu ganyen. Ta wannan ƙaramar kafa jihohin da suka biyo baya suka shiga, shi ya sa dokokinsu suke kiran aikin likitan shawara ko shaida.

Kotun ƙolin ƙasar ba ta bar jihohin suka sake ba. A 2005, a shari'ar Angel Raich, wata mata 'yar Kalifoniya mai ƙari a ƙwaƙwalwa, ta yanke cewa gwamnatin tarayya tana da ikon hukunta mai shuka wiwi a gidansa don maganin kansa ko da dokar jiharsa ta yarda. Sassaucin da aka samu ya zo ne a 2014, lokacin da majalisa ta sanya wani sharaɗi a kasafin kuɗi da ya hana ma'aikatar shari'a kashe kuɗi wajen yi wa shirye-shiryen jihohi katsalandan, sharaɗin da sai an riƙa sabunta shi a kowane kasafi. A 2023 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ba da shawarar a mayar da wiwi aji na uku, a 2024 kuma ma'aikatar shari'a ta fara bin matakan yin hakan. Sai dai dokokin katin, wanda yanzu fiye da jihohi 35 suke da irinsa, an rubuta su ne a zamanin da jiha ke cewa magani ce tarayya na cewa laifi ce, kuma tabon wannan saɓani yana jikin kowane sashe nasu.

Domin a ga yadda abin yake a aikace, zan ɗauki jihar Fensilbeniya, wadda gwamnanta na lokacin, Tom Wolf, ya sa hannu a dokarta a Afrilun 2016, aka fara sayarwa a Fabrairun 2018. Mai neman katin yana fara yin rajista a shafin ma'aikatar lafiya ta jihar da lasisin tuƙi ko katin shaida da jihar ta ba shi, domin shirin na mazauna jihar ne kaɗai. Daga nan sai ya nemi likita, kuma ba kowane likita yake da wannan izini ba, sai wanda ya yi kwas na awa huɗu ya shigar da sunansa a jerin da ma'aikatar take ajiyewa. Likitan zai duba tarihin ciwon, ya leƙa rumbun bayanan da jihar ke ajiye sunayen magunguna masu ƙarfi da aka rubuta wa kowa, sannan ya shigar da shaidarsa kai tsaye cikin na'urar ma'aikatar. Majiyyacin ya biya dala 50, wadda ake sauƙaƙa wa masu karɓar tallafin gwamnati, sai katin ya zo masa ta gidan waya. Shaidar likita ba ta wuce shekara guda, don haka kowace shekara sai an koma an sake biyan kuɗin ganin likitan daga aljihu. Yaron da bai kai shekara 18 ba, ko majiyyacin da ba ya iya fita, sai an yi masa rajistar mai kula da shi, wanda shi ma ake binciken ko yana da tarihin laifi kafin a ba shi nasa katin.

Jerin cututtukan ya fara da 17, daga baya ya haura 20. Akwai kansa, da farfaɗiya, da cutar ƙanjamau, da cutar hawan ruwan ido, da ciwo mai tsanani da ya ƙi jin magani, da firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali. Akwai kuma sikila, kuma a nan ne batun ya fi taɓa mai karatu Bahaushe, tunda Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, kuma da wuya a samu zuri'ar da ba ta san daren da ƙashin yaro yake sara har gari ya waye ba. Duk wanda ya yi irin wannan jinya zai fahimci abin da ke sa iyaye su kama duk igiyar da aka miƙo musu. Amma ya kamata a sani cewa shigar cuta cikin jerin ba hujja ce ta likitanci ba, domin 'yan majalisa da kwamitocin ba da shawara ne suke tsara jerin, sau da yawa bayan iyalan marasa lafiya sun matsa musu. Wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2020, wanda masu sikila 23 suka kammala a San Faransisko, bai nuna wani bambanci mai ƙarfi a zafin ciwo ba tsakanin kwanakin da suka shaƙi tururin wiwi da kwanakin da aka ba su na bogi. Mutum 23 ba su isa a rufe magana ba, amma sun isa a ce har yanzu ba a tabbatar ba.

Inda hujja ta fi nauyi an san shi. Babbar cibiyar kimiyya ta Amurka ta tace binciken da aka yi ta fitar da rahoto a 2017, ta ce akwai hujja mai ƙarfi a wurare uku: ciwo mai ɗorewa ga manya, da tashin zuciya da amai da maganin kansa yake jawowa, da sanƙarewar jijiyoyi da masu wata cutar laka da ƙwaƙwalwa suke kuka da ita. Rahoton bai ɓoye ɗaya gefen ba, ya nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin shan wiwi da taɓin hankali, musamman ga masu yawan sha, da haɗarin mota, da haihuwar jariri mara nauyi. Akwai kuma magunguna na sosai da suka fito daga wannan tsiro ko aka kwaikwayi sinadarinsa, waɗanda suka bi ta tantancewar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, kamar kowane magani. Tun 1985 aka amince da dronabinol don aman masu kansa, a 2018 kuma aka amince da Epidiolex, tataccen sinadarin CBD wanda ba ya bugarwa, don wasu nau'o'i biyu na farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Waɗannan likita yana rubuta su a takardar magani da awo da lokaci, kuma ba sa bukatar kati. Abin da ake sayarwa a kantunan jihohi ana gwada tsabtarsa da ƙarfinsa a ɗakin gwaji, amma bai bi ta waccan tantancewar ba.

Abin da ya fi damuna a tsarin shi ne yadda rawar likita ta kankance. A 2019 Fensilbeniya ta ƙara cutar fargaba a jerin, duk da cewa hujjar amfanin wiwi gare ta ba ta da ƙarfi, kuma sinadarin THC, wanda shi ne mai bugarwa, yana iya tayar da fargabar da kansa idan ya yi yawa. Cikin 'yan shekaru fargaba ta zama dalilin da aka fi bayarwa wajen karɓar kati, ta wuce ciwo mai ɗorewa. Ganin likita ta bidiyo, wanda aka fara a lokacin korona, doka ta tabbatar da shi a 2021. Dokar ta hana likitoci tallar cewa suna ba da shaidar, amma kamfanonin da ke haɗa majiyyaci da likita suna talla a intanet, kuma ganawar takan ƙare cikin 'yan mintoci da likitan da bai taɓa ganin mutumin ba. Ban ce duk mai fargaba ƙarya yake yi ba, kuma na san akwai likitocin da suke yin aikin da amana. Amma majiyyacin da ya karɓi kati ta wannan hanya yakan fita ba tare da an tambaye shi ko akwai taɓin hankali a danginsu ba, ko yana da ciwon zuciya, ko mace tana da ciki, alhali waɗannan ne tambayoyin da ya kamata a fara da su. Sinadarin CBD yana canza yadda hanta ke sarrafa wasu magunguna, har da warfarin na tsinka jini da clobazam na farfaɗiya. Saboda haka wajibi ne mai katin ya gaya wa likitansa na asali, ko da yana jin nauyin yin hakan.

A kantin ma akwai ƙa'idoji. Dokar Fensilbeniya ta tanadi mai haɗa magunguna ko wani ma'aikacin lafiya da majiyyaci zai iya neman shawararsa, kuma a gaskiya shi ne yake cike gurbin da likita ya bari, domin shi zai ce a fara da kaɗan a jira a ga yadda jiki zai karɓa. Wannan jira yana da muhimmanci ga abin da ake haɗiya, wanda kan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu kafin ya kama, kuma mai gaggawa yakan ƙara kafin na farko ya fara aiki. Ana sayar da mai, da ƙwaya, da ruwan ɗigawa, da na shafawa, a 2018 aka ƙara busasshen ganye, amma don a dumama shi a na'ura a shaƙi tururin kawai; nannaɗe shi a kunna wuta a zuƙa laifi ne ko ga mai kati. Ba a yarda ya shuka a gida ba. Abin da zai saya bai wuce na kwana 90 ba, kuma kowane ciniki yana shiga rumbun jihar, don haka zagaya kantuna ba ya ƙara masa kaso. Dole kayan su zauna a mazubinsu na asali mai ɗauke da sunansa, katin kuma yana jikinsa duk lokacin da yake ɗauke da su. Ɗiba wa wani, ko da matarsa ce mai irin ciwonsa, laifi ne. Inshorar lafiya ba ta biya, manyan kamfanonin katin bashi kuma sun guji harkar, don haka yawancin ciniki da tsabar kuɗi ake yi.

Tuƙi ne inda masu katin Fensilbeniya suka fi shiga tsaka mai wuya. Dokar tuƙi ta jihar ta haramta wa mutum jan mota idan akwai abin maye na aji na ɗaya ko ragowarsa a jininsa, komai ƙanƙantarsa, ba tare da an nemi hujjar cewa hankalinsa ya gushe ba. Giya tana fita daga jiki cikin awoyi, kuma awonta a jini yana nuna gwargwadon buguwa. Wiwi ba haka take ba, domin THC yana maƙalewa a kitsen jiki, ragowarsa tana iya bayyana a gwaji kwanaki, a fitsarin mai yawan sha ma har makonni, bayan tasirinsa ya wuce. Ma'ana majiyyacin da ya ɗiga maganinsa da dare ya yi barci, ya tashi garau da safe ya kama hanyar aiki, yana iya zama mai laifi a idon wannan doka. A 2021 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa warin wiwi kaɗai bai isa ɗan sanda ya binciki mota ba, tunda dubban mutane suna ɗauke da ita bisa doka, amma a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta tabbatar da cewa katin ba kariya ba ne daga tuhumar tuƙi da abin maye a jini. A ganina wannan rashin adalci ne a fili, domin jiha guda ce ta karɓi kuɗin mutum ta ba shi izini, sannan ta kafa masa tarko a kan titi. Wanda ya tuƙa yana cikin maye ya cancanci hukunci, amma ma'aunin ya kamata ya zama mayen.

Wurin aiki ya danganta da jiha. Dokar Fensilbeniya ta hana korar ma'aikaci ko ƙin ɗaukarsa don kawai yana da kati, kuma a 2021 kotu ta tabbatar da cewa wanda aka yi wa haka yana iya kai ƙara da kansa. Amma ba ta tilasta wa mai kamfani ya yarda a sha a wurin aiki ba, ta kuma hana mai katin aikin hawa sama, ko shiga rami, ko taɓa wutar lantarki mai ƙarfi yana cikin tasirinta. A Kolorado, a 2015, kotun ƙolin jihar ta goyi bayan kamfanin da ya kori wani ma'aikaci mai shanyewar jiki saboda gwaji ya nuna wiwi, duk da yana da kati kuma ba a zarge shi da zuwa aiki a buge ba, bisa hujjar cewa abin da dokar tarayya ta haramta ba a kiransa halal. Direbobin manyan motoci da matuƙa jirgi, waɗanda ma'aikatar sufuri ta tarayya ke yi wa gwaji, ba a karɓar katin a matsayin uzurinsu. A 2011 hukumar da ke kula da makamai ta umarci masu sayar da bindiga kada su sayar wa mai kati, wata kotun tarayya ta amince da hakan a 2016. Gidajen da gwamnatin tarayya ke tallafa wa talakawa, da barikin soja, da gandun dajin tarayya, duk dokar tarayya ce ke aiki a cikinsu ko da suna tsakiyar jihar da ta halatta.

Kowace jiha kuma da kiɗanta. Okalahoma, wadda ta halatta a 2018, ba ta yi jerin cututtuka ba, ta bar wa likita ya yanke. Fulorida, inda kashi 71 cikin 100 na masu ƙuri'a suka amince a 2016, tana bukatar majiyyaci ya koma wurin likita duk bayan kwana 210, ta kuma yarda da zuƙa tun 2019. Wasu jihohin suna karɓar katin baƙo, Fensilbeniya ba ta karɓa. Tsallaka iyakar jiha da kayan kuwa hurumin tarayya ne, ko da jihohin biyu duk sun halatta.

Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, kamar ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da ke Niyok da Filadelfiya da sauran birane, lissafin ya sha bamban da na maƙwabcinsa Ba'amurke. Harkar shige da fice ta tarayya ce tsantsa, kuma dokarta tana magana ne a kan duk abin da ke cikin azuzuwan nan biyar, don haka sauya wa wiwi aji bai fitar da ita daga lissafin ba. A Afrilun 2019 hukumar da ke ba da takardar zama ɗan ƙasa ta fitar da umarni cewa mu'amala da wiwi, ko da jiha ta halatta, tana iya hana a shaidi mutum da kyawun hali, wanda sharaɗi ne na zama ɗan ƙasa. Ba sai kotu ta kama mutum da laifi ba. Amsa wa jami'in shige da fice da bakinsa cewa ya mallaka ko ya sha tana iya isa a hana shi takardar zaman dindindin ko a hana shi komawa ƙasar bayan ya zo gida hutu. Yin ƙarya a gaban jami'in kuwa ya fi wancan muni. Duk wanda takardunsa ba su kammala ba, lauyan shige da fice ya kamata ya fara gani kafin likitan kati, ya kuma tambayi likitansa ko ɗaya daga cikin magungunan da FDA ta amince da su zai biya masa bukata. Musulmin da ke cikin wannan hali yana da wata tambayar da katin ba ya amsawa, ta hukuncin yin magani da abin da ke gusar da hankali, kuma malamai suna duba ta ne ta fuskar girman lalura, da ko akwai madadi, da shaidar likita amintacce, abin da ganawar minti goma ta bidiyo da wuya ta cika.

A wajen Amurka katin ba shi da wata daraja. Marc Fogel, malamin makaranta ɗan Fensilbeniya mai fama da ciwon baya, an kama shi a filin jirgin Mosko a Agustan 2021 da giram 17 na wiwi da yake amfani da ita bisa shawarar likita, aka yanke masa shekara 14, bai fito ba sai a Fabrairun 2025 bayan gwamnatocin Amurka da Rasha sun daidaita. 'Yar wasan ƙwallon kwando Brittney Griner, wadda lauyoyinta suka nuna wa kotu takardar likitanta, shekara 9 aka yanke mata a Rasha a 2022 a kan man wiwi da bai kai giram ɗaya ba. Mai shirin aikin Hajji ko Umra ya san tsananin dokar Saudiyya a kan safarar miyagun ƙwayoyi, wadda hukuncinta yake kaiwa ga kisa.

Nijeriya ma ba ta da irin wannan shiri. An haramta wiwi da dokar soja ta musamman tun 1966, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 tana kama masu shigo da ita a filayen jirgin sama, kuma binciken da aka yi a 2018 ya ƙiyasta masu shanta a ƙasar sun kai miliyan 10.6, abin da ya sa hukumomi suke kallon duk maganar sassauci da tsoro. Lokacin da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ya kaɗa ƙuri'a a Disamban 2020 ya cire wiwi daga jerin abubuwa mafi haɗari, da ƙuri'a 27 a kan 25, Nijeriya tana cikin waɗanda suka ce a'a. Gana ta buɗe ƙofar noman nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba don masana'antu da magani, amma wannan lasisin manomi ne, ba izinin majiyyaci ba. Ɗan uwan da ke Amurka wanda tausayi ya sa ya sako kwalbar mai a jakarsa don ya kawo wa yaro mai sikila a Kano, ya karya dokar jihar da ta ba shi katin tun a gida, ya karya ta tarayya a filin jirgi, kuma idan ya sauka Legas ko Abuja a matsayin mai shigo da miyagun ƙwayoyi za a tuhume shi.